Yadda ake shirya rahoton halin da ake ciki ga sabuwar manhaja buɗaɗɗiya

Wata uku ko huɗu bayan an buɗe rumbun manhaja a GitHub, shafin da ake ajiye lambobin ginin manhajoji, tambayoyi kan fara shigowa daga waje. Malamin jami'ar da ya yarda ya riƙa duba aikin yana son jin inda aka kwana. Ƙungiyar da ta biya kuɗin data da na saba (kwamfutar da ke ɗauke da aikin a intanet) tana son ganin abin da kuɗinta ya haifar. Wani mai rubuta manhaja a Kano ko Nairobi yana sha'awar sa hannu, amma yana tsoron kada ya ɓata makonni yana gyara abin da masu shi suka riga suka watsar. Cikin mutanen nan babu wanda zai zauna ya karanta lambobin ginin manhajar. Shafi ɗaya za su duba, kuma da shi za su yanke shawarar ko su taimaka ko su wuce.

Domin bayanin ya zauna, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce matasa shida ne a Jos, huɗu ɗaliban jami'a, biyu ma'aikata, suka gina ƙaramar manhajar waya da ke rubuta farashin dankalin Turawa, kabeji, karas da tumatir a kasuwar Farin Gada. Da Hausa take, tana aiki ko babu intanet, kuma sun bar lambobinta a buɗe kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Duk alƙaluman da suka shafi wannan manhaja na misali ne kawai.

## Sau nawa, wa zai rubuta, tsawon nawa

Ba sai kun ƙirƙiro tsari daga tushe ba. Gidauniyar Apache mai kula da manhajoji buɗaɗɗu, wadda aka kafa a Amurka a 1999, ta buɗe sashen renon sababbin ayyuka a 2002. A can, aikin da aka karɓa sabo yakan kawo rahoto duk wata har wata uku, daga nan ya koma duk bayan wata uku. Akwai hikima a ciki. A farkon tafiya abubuwa kan lalace da sauri, ga batun lasisi, ga rumbu bai daidaita ba, ga mutane suna shiga suna fita. Idan kuma aka daɗe ana rahoto duk wata a aikin sa kai, sai ya koma kwafe na jiya ana canza kwanan wata. Ku ari wannan tsarin ko da ba ku da wata alaƙa da Apache.

Ku tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, misali Laraba ta farko a wata, sannan ku ɗauko kalanda ku duba inda ta ci karo da jarrabawa, goman ƙarshe na azumi, Sallah ko Kirsimeti. Inda ta yi karo, a matso da rubutun gaba da mako ɗaya tun yanzu.

Kada wanda ya kafa aikin ya zama shi kaɗai ke rubutawa. A riƙa karɓa-karɓa. Idan aka ga babu mai iya bayyana halin da ake ciki sai mutum ɗaya, to wannan kansa matsala ce da ta cancanci shiga rahoton. Tsawo kuwa, kalmomi 400 zuwa 600 sun isa. Mai duba rahotanni ashirin a zama ɗaya ba zai kai ƙarshen shafi na uku ba.

## Mako ɗaya kafin ranar: tattara alƙaluma

Nan ne aka fi yin kuskure, saboda kowa yana ganin ai ƙidaya ce kawai.

A fara da rumbun. Git, tsarin da ke riƙe tarihin rumbun, yana ajiye kowane gyara da aka adana, wanda masu aikin ke kira kwamit, tare da sunan mai shi da lokaci. Domin ganin wa ya yi nawa daga Janairu zuwa Maris:

`git shortlog -sne --no-merges --since="2025-01-01 00:00" --until="2025-03-31 23:59"`

Kada a manta da awa da minti. Idan aka ba Git kwanan wata kaɗai, yakan cike gurbin da lokacin da ake buga umarnin. Wanda ya buga da ƙarfe huɗu na yamma zai rasa gyare-gyaren safiyar ranar farko, kuma idan abokinsa ya buga da asuba adadinsu zai bambanta, su zauna suna musu a kan abin da ba laifin kowa ba.

Abu na biyu, jerin zai nuna mutane takwas alhali ku shida ne. Dalili shi ne mutum ɗaya ya yi aiki da kwamfutarsa, da ta abokinsa ranar da babu wuta a unguwarsu, da kuma shafin GitHub ta waya, kowanne da suna ko imel daban. Maganinsa fayil mai suna `.mailmap` a bakin rumbun, kowane layi yana haɗa tsohon imel da na yanzu:

`Cikakken Suna <sabo@example.com> <tsoho@example.com>`

Sau ɗaya ake yin sa, daga nan Git zai riƙa ƙirga su a matsayin mutum guda.

Abu na uku, bot. Idan kun kunna Dependabot, manhajar GitHub da ke kawo gyare-gyare da kanta, shi ma zai fito a jerin kamar ɗan aiki, wani lokaci ma ya fi kowa ƙwazo. A cire shi. Sannan a tuna cewa idan kuna dunƙule gyare-gyaren mutum su zama kwamit ɗaya lokacin haɗawa, wanda ya yi aikin sati uku zai fito da ɗaya, wanda ya gyara waƙafi sau goma kai tsaye zai fito da goma. Shi ya sa yawan kwamit ba ma'aunin ƙoƙari ba ne, kuma ba a jera shi da sunaye kamar sakamakon jarrabawa.

Daga nan sai buƙatun haɗa gyara, waɗanda aka fi sani da PR. A akwatin bincike na GitHub a rubuta:

`is:pr is:merged merged:2025-01-01..2025-03-31 -author:app/dependabot`

Mai amfani da umarnin `gh pr list` ya lura cewa guda 30 kawai yake nunawa idan ba a ƙara masa `--limit` da adadi mafi girma ba. An sha rubuta "PR 30" a rahoto saboda wannan. Ƙorafe-ƙorafen da babu wanda ya tanka wa kuma ana samun su da `is:issue is:open comments:0`.

Shafin da ke nuna yawan masu ziyara da masu kwafar rumbun kwana 14 na baya kawai yake riƙewa. Idan kuna son wannan adadi a rahoton wata uku, sai wani ya ɗauki nauyin kwafe shi duk mako biyu. A ganinmu wahalar ba ta kai amfaninta ba. Haka nan taurarin GitHub da yawan saukewa daga rumbunan raba manhaja irin npm ko PyPI: injunan gwaji da ke saukewa da kansu suna kumbura adadin, taurari kuma sau da yawa abokai ne da aka roƙa a WhatsApp. Ga manhajar Farin Gada, "'yan kasuwa 14 ne suka shigar da farashi aƙalla sau ɗaya a mako cikin Maris" ya fi taurari ɗari biyar faɗin gaskiya.

Adadin da ya fi dacewa a sha wahala a kansa shi ne tsawon lokacin da baƙo ke jira kafin a amsa masa. A ce ƙorafi tara aka kawo, aka amsa su bayan kwana 1, 1, 2, 2, 3, 3, 4, 6 da 40. Idan aka tara aka raba tara za a sami kusan kwana 7, adadin da bai yi kama da yawancinsu ba. A jera su daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya: kwana 3. Sai a rubuta kwana 3, a ƙara da cewa guda ɗaya ya yi kwana 40 da dalilinsa.

## Mutane

Wannan ne zuciyar rahoton, kuma shi ne sashen da aka fi tsallakewa. Takardar rahoton Apache tana tambayar yadda jama'ar aikin suka bunƙasa daban da yadda manhajar ta bunƙasa, har tana neman ranar ƙarshe da aka ba wani sabo ikon haɗa gyara. Sun raba tambayoyin ne domin manhaja tana iya samun sababbin abubuwa duk mako alhali mutum ɗaya ne ke kwana a zaune.

Ga yadda ake auna shi. Shirin CHAOSS mai auna lafiyar ayyukan manhaja buɗaɗɗiya, wanda ke ƙarƙashin gidauniyar Linux tun 2017, yana ƙirga mafi ƙarancin mutanen da suka yi rabin aikin. Idan kwamit 240 aka yi a wata uku, 150 na mutum ɗaya ne, amsar ita ce ɗaya. Hannu ɗaya ke ɗauke da jinkar. Bayan wannan, a amsa waɗannan tambayoyi da adadi: mutum nawa ke da ikon haɗa gyara? Mutum nawa suka taɓa fitar da sabuwar siga ta manhajar da hannunsu, ba kallo ba? Mutum nawa ke riƙe da mabuɗin sa hannu na manhajar Android, da kalmar sirrin saba, da asusun da ake sabunta sunan shafi? Idan amsar ɗaya ce a ko'ina, kuma wannan ɗayan yana jiran takardar bautar ƙasa, dole mai karatu ya sani.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Ta daɗe a hannun mai kula guda ɗaya da aiki ya yi wa yawa. Wani ya shafe kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare har aka amince masa, sannan ya dasa ɓoyayyar ƙofa a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Injiniya Andres Freund ne ya gano ta a Maris 2024, bayan ya lura shiga wata na'ura yana ɗan jinkiri. Saboda haka idan an ba sabon mutum iko, a rubuta ranar, da yadda aka yanke shawarar, da mutum nawa suka amince.

A kuma ƙirga aikin da Git ba ya gani. Wadda ta fassara allunan manhajar, wanda ya tashi da sanyin safiyar Jos ya je kasuwa ya zauna da dillalan dankali yana nuna musu inda ake dannawa, da wanda ke amsa tambayoyi. Idan rahoto bai ambace su ba sau biyu, karo na uku ba za a same su ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: yawancin shawarwari a WhatsApp ake yanke su, ko a teburin mai shayi bayan an tashi daga aiki. Babu laifi, amma wanda ke Kano bai ji ba. Duk shawarar da aka yanke a irin wannan zama, a rubuta ta a rumbun cikin kwana biyu, rahoton kuma ya nuna inda take.

## Matsaloli uku

Apache tana neman manyan abubuwa uku da suka rage kafin aiki ya tsaya da ƙafarsa. Uku adadi ne mai kyau: ya hana a ce "babu matsala", ya kuma hana a zubo ashirin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mai dubawa da ya ga rahoto uku a jere babu matsala ko ɗaya zai ɗauka ko ba ku san aikinku ba, ko kuna rufa-rufa.

Kowace matsala tana buƙatar abu huɗu: mene ne, tun yaushe, wa ya ɗauka, sai yaushe. Dubi bambancin waɗannan biyu.

Na farko: "Muna fuskantar wasu ƙalubale wajen daidaita bayanai amma muna aiki tuƙuru, in sha Allahu za a shawo kansu nan ba da jimawa ba."

Na biyu: "Idan waya biyu suka shigar da farashin buhun dankali ba tare da intanet ba, wadda ta haɗu daga baya tana goge ta farko. An gano haka a 11 ga Fabrairu, ya faru sau 6. Mutum ɗaya ya ɗauki gyaran, muna sa ran gwaji kafin 20 ga Afrilu in sha Allahu. Muna neman wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya duba mana tsarin."

Na biyun ya ba mai karatu ƙofar shiga. Na farkon ko wanda ya rubuta shi ba zai iya cewa an cika shi ko ba a cika ba.

Rashin wuta, tsadar data da yajin aiki gaskiya ne, kuma ana faɗin su, amma da sakamakonsu a jiki: "mako biyu babu wanda ya duba PR saboda jarrabawa, guda 5 suna jira". Wannan bayani ne. In babu adadin, uzuri ne kawai.

## Siga, lasisi da kuɗi

A rubuta lambar siga ta ƙarshe da ranar fitarta, da sunan wata a rubuce. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Najeriya 3 ga Afrilu. Idan ba a taɓa fitar da siga ba, a faɗa, a kuma faɗi abin da ya hana. `git log --oneline v0.3.0..HEAD` zai nuna abin da ya taru tun fitar da ta gabata. A zaɓi uku ko huɗu da mai amfani zai ji a jikinsa, a bar sauran.

Lasisi layi biyu ne, amma yana iya tsayar da aiki cak. Rumbun da babu fayil ɗin lasisi a cikinsa, ko da yana a fili, doka ba ta ba kowa izinin ɗauka ya yi amfani da shi ba. Idan manhajarku tana kan lasisin MIT ko Apache 2.0, sai wani ya kwafo lambobi masu lasisin GPL ya zuba a ciki, sharuɗɗan GPL, waɗanda suka fi tsauri, za su bi abin da kuke rabawa. Apache ma ba ta yarda a sa irin waɗannan a sigoginta. A duba har salon rubutun da aka ɗauko domin ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai. Salon rubutun Noto na Google suna kan lasisin OFL, ana iya raba su tare da manhaja, amma wanda aka kwafo daga kwamfutar wani ba lallai ba ne. Taswirar OpenStreetMap kuma tana wajabta a ambaci masu ita a inda ake ganin ta.

Idan akwai tallafin kuɗi, layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. In da dala aka bayar, a rubuta farashin canjin ranar da aka canza, domin bayan wata shida babu mai tunawa.

## Abin da ba ya shiga

Raunin tsaro da ba a toshe ba tukuna ba a bayyana shi a rahoton da kowa zai gani. Ya isa a ce an sami rahoton tsaro ɗaya, ana aiki a kansa, masu dubawa kuma a sanar da su a keɓe. Bayan sigar gyara ta fita sai a yi cikakken bayani.

Lambar wayar 'yan kasuwa, sunayensu da hoton allo da ke nuna su ba sa shiga. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan, kuma abin da ya shiga tarihin Git goge shi aiki ne ja, musamman idan wasu sun riga sun kwafi rumbun.

Saɓani tsakanin 'yan aiki ana faɗin batunsa ba tare da suna ba: "an kasa cimma matsaya kan ko a ƙara Turanci yanzu ko sai bayan siga ta 1.0". Dalilin da ya sa wani ya ja baya, rashin lafiya ne ko hidimar gida, nasa ne. "Mai kula ɗaya ya tafi hutu zuwa Yuni" ya wadatar.

## Dubawa da turawa

A buɗe babban fayil mai suna `rahotanni` a cikin rumbun, kowane rahoto da shekara da wata, kamar `2025-03.md`, domin su jeru da kansu. Layin farko ya faɗi abin da manhajar take yi cikin jimla ɗaya, a kowane rahoto, domin mai karatu na yau wataƙila bai ga na baya ba. A ƙasa a liƙa ainihin umarnin da aka yi ƙidaya da su, yadda mai rubutu na gaba zai auna da mudu ɗaya.

A turo daftarin a matsayin PR, a ba shi awa 72, kamar yadda Apache ke ba ƙuri'unta, domin wanda ba shi da caji yau ya gani gobe. A faɗa tun farko cewa wanda bai ce komai ba an ɗauka ya amince. Sannan a ba wani da ba ya cikin aikin ya karanta, a tambaye shi abu biyu: wace matsala ce ta fi girma, kuma wane taimako ake nema? Idan ya yi inda-inda, a sake rubutu. Malami ko mai ba da shawara shi ne na ƙarshe da zai duba ya sa hannu, kuma a ba shi kwana biyu aƙalla, kada a tura masa da daddare a ce ana jira da safe.

Idan masu tallafi Turanci suke ji, a yi musu da Turanci, amma alƙaluman su zama iri ɗaya da na Hausar. 'Yan kasuwar Farin Gada kuwa saƙon murya na minti biyu ya fi musu shafi: abin da aka gyara, abin da bai gyaru ba tukuna, da ranar da za a zo a sabunta musu.

Idan ranar ta zo rahoto bai kammala ba, a tura layi biyar a kan lokaci: ranar siga ta ƙarshe, mutum nawa ke aiki yanzu, babbar matsala ɗaya, dalilin jinkiri, da ranar da cikakken zai zo. A Apache, aikin da ya tsallake rahoto akan nemi ya kawo a wata mai zuwa, idan shirun ya yi yawa kuma a fara maganar ko a rufe shi.

Ranar da aka tura, kafin a rufe kwamfuta, a buɗe fayil ɗin rahoto na gaba a kwafe alƙawuran da aka yi kan matsalolin nan uku a samansa da ranakunsu. Wanda karɓa-karɓa ta faɗo kansa zai fara da rubuta ɗaya daga cikin amsa uku a gaban kowanne: an yi, ba a yi ba, ko an fasa, sannan dalili a jimla ɗaya.